Martin Wong, mai zanen da ya daɗe kafin ya waiwayi unguwarsu

An haifi Martin Wong a Portland ta Amurka a 1946, ya tashi a San Francisco, daf da unguwar 'yan China, dangin iyayensa. Da ginin tukwane ya fara kafin ya rungumi zane, yana haɗa fenti da rubutu da alamomin hannu na kurame.

A 1978 ya koma New York, ya duƙufa zana gidajen talakawa na jan bulo, bulo ɗaya bayan ɗaya. Bai ɓoye cewa maza yake so ba: a wani zanensa na 1988, 'yan kwana-kwana biyu ne ke sumbatar juna.

Abin mamaki, sai a 1993 ya baje kolin zanen unguwar da ta rene shi. Cutar ƙanjamau ta yi ajalinsa a 1999.