Pier Luigi Nervi: Injiniyan da ƙarancin ƙarfe ya koya wa hikima

An haifi Pier Luigi Nervi a garin Sondrio da ke arewacin Italiya ranar 21 ga Yuni, 1891, kuma ya kammala karatun injiniya a Jami'ar Bologna a 1913. A wancan zamani ana yi wa kankare kallon kayan gini mai nauyi marar fasali. Filin wasan ƙwallon ƙafa na Florence, wanda ya kammala a 1932, shi ne ya fara fito da sunansa.

Bayan Italiya ta mamaye Habasha a 1935, an ƙaƙaba mata takunkumi, gwamnatin Mussolini kuma ta taƙaita amfani da ƙarfe a gine-gine. A cikin wannan matsi Nervi ya gina wa sojojin sama manyan rumfunan ajiye jirage, inda ya riƙa zuba sassan rufin a ƙasa kafin a ɗaga su a harhaɗa. Sojojin Jamus sun tarwatsa rumfunan a 1944 yayin da suke ja da baya.

Wannan asara ba ta karya masa gwiwa ba. Ya duƙufa kan wata dabara: a jera siririyar ragar waya hawa-hawa, a lanƙwasa ta yadda ake so, sannan a yaɓe ta da siminti da yashi, kaurin 'yan santimita kaɗan. Ƙarfinta daga siffa yake fitowa, kamar yadda kwanon rufi mai tudu da kwari ya fi shimfiɗaɗɗen falle juriya. Ta kuma rage buƙatar katakon zubi mai cin kuɗi. Har jiragen ruwa ya ƙera da ita domin tabbatar da ingancinta.

Da wannan dabara ya rufe zauren baje koli na Turin jim kaɗan bayan yaƙi. A 1957 ya kammala ƙaramin zauren wasanni na Roma, wanda aka harhaɗa ƙubbarsa da sassa 1,620, aka kuma yi amfani da shi a gasar Olamfik ta 1960.

Nervi ɗan kwangila ne kuma, yana da kamfanin gini nasa, saboda haka sauƙin farashi da saurin aiki ne suka riƙa ciyo masa ayyuka. Ya rasu a Roma ranar 9 ga Janairu, 1979, yana da shekara 87. Har yau ana bin dabararsa wajen gina tankunan ruwa da kwale-kwale a ƙasashe masu tasowa.