Al Kapon, Wanda Dokar Hana Giya Ta Azurta

An haifi Al Kapon a birnin Niyu Yok cikin 1899, ubansa wanzami ne da ya yi ƙaura daga Italiya. Yana ɗan shekara 14 ya mari malamarsa, karatu ya ƙare ke nan. A ganinmu, da ba don abin da ya auku cikin Janairu 1920 ba, da ya mutu ƙaramin ɗan iskan unguwa, ba wanda ya san shi.

A watan nan ne Gwamnatin Amurka ta hana yin giya da sayar da ita ko'ina cikin ƙasar. Waɗanda suka kawo dokar nufinsu alheri ne, don barasa ta kashe gidaje da yawa. Amma fa an rufe kantuna ne, mashaya suna nan. Ciniki ya fita daga hannun 'yan kasuwa masu lasin ya faɗa hannun 'yan fasa-ƙwauri. Suka shiga ɗauko wuski daga Kanada cikin jiragen ruwa da motoci, waɗansu kuma suna dafa tasu a ɓoye. Da ya ke kaya mai ƙarfi ya fi sauƙin ɓoyewa, ya kuma fi riba, sai wuski ya kori giya mai sauƙi. Mutane da yawa suka makance ko suka mutu da shan gurɓatacciya.

Kapon ya koma Shikago wajen maigidansa Joni Toriyo. Da aka harbi Toriyo cikin 1925 ya sha da ƙyar, sai ya bar masa ragamar. Ya sayi 'yan sanda da manyan gari da kuɗi. Abokan gasa kuwa, da ya ke ba alƙalin da za a kai wa ƙarar haramtaccen ciniki, bindiga ce ke raba gardama. Ran 14 ga Fabrairu 1929 aka jera mutum 7 na ƙungiyar abokan gabansa a jikin bango aka harbe. Kowa ya zarge shi, ba wanda ya yi shaida.

To, masu karatu, akawuna ne suka kā da shi. Malaman haraji suka bi littattafan lissafi har suka tabbatar yana samun dukiya bai biya haraji ba. Cikin 1931 aka yanke masa ɗaurin shekara 11. Yana kurkuku aka soke dokar cikin Disamba 1933. Aka sake shi cikin 1939, ciwon tunjere ya riga ya taɓa masa hankali, ya mutu a gidansa na Fulorida ran 25 ga Janairu 1947.