Andrew Foster, kurman da ya buɗe wa kurame makaranta a Ibadan

Sanƙarau ne ya kurmantar da Andrew Foster yana ɗan shekara 11, cutar da mutumin Arewa ya san ɓarnarta idan zafi ya tsananta. An haife shi a 1925 a jihar Alabama ta Amurka, a zamanin da ko a makarantar kurame ana raba baƙar fata da farare. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi digiri a Kwalejin Gallaudet, babbar makarantar kurame da ke Washington.

Ɗan mishan ne, kuma da niyyar wa'azi ya sauka Gana a 1957, inda ya buɗe makaranta a Accra. A 1960, shekarar samun 'yancin Najeriya, ya buɗe wata a Ibadan, garin da Hausawa suka daɗe da kafa unguwarsu ta Sabo. Sannu a hankali Ibadan ta zama cibiyarsa. Nan yake tara matasa kurame daga ƙasashe rainon Faransa, ya horar da su aikin koyarwa, su koma gida su riƙe azuzuwa. Kafin rasuwarsa makarantun da ya kafa sun kai 30 da ɗoriya a ƙasashe 13.

A wancan zamani malamai da yawa sun ɗauka gyaran kurma shi ne a tilasta masa karanta leɓɓa da furta kalmomin da bai taɓa ji ba. Foster ya ƙi wannan, ya sa hannu ya zama harshen aji. Na'urar ƙara ji tana da amfani ga mai sauran ji, amma ba ta maye gurbin harshe ga yaron da kunnensa ya mutu ɗungurungum.

Sai dai aikin ya zo da tasa asarar. Alamun da ya koyar na Amurka ne, kuma daga su harshen kurame na makarantun Najeriya ya samo asali. Kuramen Kano kuwa suna da maganar hannu tasu, wadda ake cinikayya da hira da ita. Tafintan da ke gefen allon talabijin yau da harshen makaranta yake fassara, don haka dattijon kurma da ke sana'a a Kasuwar Bodija, wanda bai shiga aji ba, yana iya kallonsa bai fahimci jawabin minista ba.

Foster ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a watan Disamba 1987, yana da shekara 62.