Hudson Taylor: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Mutane da yawa cikin ekklesiya sun ji sunan Hudson Taylor, mutumin Ingila wanda ya kai bishara can cikin tsakiyar ƙasar Sin. An fi ba da labarin manyan ayyukan da Allah ya yi ta hannunsa bayan ya isa can. Amma akwai shekara huɗu waɗanda ba a cika ambatonsu ba, wato daga 1849, sa'ad da ya ji kira, zuwa 1853, sa'ad da ya shiga jirgi. A cikinsu ne aka kafa harsashin dukan abin da ya biyo baya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga yadda wannan saurayi ya fafe nasa tun yana gida.

Haihuwarsa da tubansa

An haifi James Hudson Taylor ran 21 ga watan Mayu, 1832, a garin Barnsley cikin ƙasar Ingila. Ubansa mai haɗa magani ne, yana da kanti, yana kuma yin wa'azi cikin ekklesiyar Metodis. Tun ba a haifi yaron ba uban ya roƙi Allah, in an ba shi ɗa namiji, a aike shi ƙasar Sin. Amma yaron ya taso ba ƙarfin jiki, har iyayen suka fid da rai ga wannan buri, ba su kuwa faɗa masa ba sai bayan shekaru da yawa.

Yana da shekara 15 ya kama aiki a banki. Can ya haɗu da samari masu yi wa addini ba'a, zuciyarsa kuwa ta yi sanyi, har ya fara shakkar abin da aka koya masa. Ciwon ido ya komo da shi kantin ubansa. Wata rana cikin watan Yuni, 1849, ba shi da aikin yi, sai ya ɗauki wata 'yar takardar bishara, da nufin ya karanta labarin da ke ciki ya bar wa'azin. Yana cikin karatu sai ya gane Yesu Kristi ya riga ya gama aikin ceto a bisa gicciye, ba abin da ya rage masa sai ya karɓa. Nan take ya durƙusa ya ba da gaskiya. A wannan yini uwarsa tana wani gari mai nisa, ta kulle kanta a ɗaki tana yi masa addu'a. Ƙanwarsa Amelia kuma ta yi wata guda tana roƙon Allah dominsa kowace rana.

Cikin watan Disamba na wannan shekara ya ba da kansa ga Ubangiji domin kowane aikin da za a sa shi, ya kuwa tabbata a ransa ƙasar Sin ce aka kira shi zuwa gare ta. Shekararsa 17 a lokacin.

Ya fara da abin da ke hannunsa

Ba shi da kuɗi, ba mishan da ta ɗauke shi, ba kuma malamin da zai koya masa harshe. Duk da haka bai zauna yana jiran ranar tafiya ba. Ya sami Bishara ta hannun Luka da harshen Sin. Rubutun Sin kuwa ba irin namu na boko ba ne, gama kowace alama tana tsaye ne a madadin kalma ko gaɓa. Sai ya riƙa gwada aya da aya da nasa Littafi na Turanci. In ya ga alama ɗaya ta bayyana cikin ayoyi da dama waɗanda su ke da kalma ɗaya, sai ya rubuta ta da ma'anarta. Da haka ya koyi alamu ɗarurruwa. Ya kan tashi da ƙarfe biyar na asuba domin karatu, ya kuma kama koyon harsunan da aka fara rubuta Littafi Mai Tsarki da su.

Ya aro wani littafi a kan ƙasar Sin wanda Medhurst, wani tsohon ɗan mishan, ya rubuta. Mai wa'azin da ya ba shi aron ya tambaye shi yadda zai yi ya je. Ya amsa masa mai yiwuwa ne ya tafi kamar yadda almajirai suka tafi, yana dogara ga wanda ya aike shi. Dattijon ya dafa kafaɗarsa, ya nuna masa ƙuruciya ce ke damunsa, in ya girma zai yi hankali. Daga wannan littafi ne ya gane aikin likita ya kan buɗe ƙofa ga bishara, sai ya ƙudura zai koye shi.

Bai manta da jikinsa ba. Ya kawar da katifarsa mai taushi ta gashin tsuntsu, ya riƙa yawo da ƙafa domin ya saba da wahala. Ya kuma shiga rarraba takardun bishara, da koyarwa a makarantar Lahadi, da gai da marasa lafiya. Ya san ƙetare teku ba ya mai da mutum mai bishara. Wanda bai yi shaida a unguwarsu ba, da wuya ya yi ta a baƙuwar ƙasa.

Makarantar bangaskiya a Hull

A 1851 ya koma garin Hull ya zama mataimakin wani likita mai tsoron Allah, sunansa Robert Hardey. Da fari yana zaune cikin jin daɗi, amma daga baya ya kama ɗan ƙaramin ɗaki a wata unguwar matalauta a bakin wani lambatu mai wari, domin ya iya fid da zakka daga dukan abin da ya ke samu. Abincinsa kunun hatsi ne da shinkafa. Ya ga ashe zai iya zama da kashi ɗaya cikin uku na albashinsa, ya ba da sauran. Ya kan kuma duba littattafansa da tufafinsa, abin da ba ya bukata ya ba mabukata.

A nan ne ya sha wani babban gwaji na zuciya. Akwai wata budurwa, malamar kiɗa, wadda ya ke ƙauna ƙwarai, amma ba ta yarda ta je ƙasar Sin ba. Ya yi ta sa zuciya za ta sāke ra'ayi. Da ya ga ba hali, ya haƙura da ita da hawaye, ya riƙe kiransa.

Abu ɗaya ya fi damunsa. A ƙasar Sin ba uba, ba ɗan'uwa, ba wanda zai roƙa sai Allah. To, bangaskiyarsa za ta ɗauki wannan kaya? Ya ga gara ya gwada ta tun yana gida. Likitan mutum ne mai yawan aiki, ya kuwa ce masa ya riƙa tuna masa in lokacin biyan albashi ya yi. Sai Hudson ya ƙudura ba zai tuna masa ba, Allah kaɗai zai faɗa wa.

Lokacin biya ya zo ya wuce, likita bai tuna ba. Wata ran Lahadi abin da ya rage masa duka-duka sule biyu da sisi ne, kuma ƙwaya ɗaya ce ba canji. Da dare wani matalauci ya roƙe shi ya zo ya yi wa matarsa addu'a, tana bakin mutuwa. Ya bi shi har wani ɗaki mai duhu, ya tarar da yara yunwa ta ramar da su, uwar tana kwance da jariri sabon haihuwa. Zuciyarsa ta ce, da kuɗin nan a warwatse ya ke, da ya ba su sule guda ya riƙe saura. Ya buɗe baki zai gaya musu suna da Uba mai ƙauna a sama, maganar ta sarƙe masa a wuya. Yaya zai ce wa waɗansu su dogara ga Allah, shi kuwa ya kāsa dogara gare shi ba tare da sule biyu da sisi a aljihu ba? Ya durƙusa zai yi addu'a, ita ma da ƙyar ta fito. Daga ƙarshe ya zaro kuɗin ya miƙa wa mutumin. Ya koma gida aljihu wofi, zuciya cike da murna. Matar kuwa ta warke.

Da safe, yana shan kunun da ya rage masa, sai ga wasiƙa. Ba rubutu a ciki, sai safar hannu, da zinariya ta sule goma. Har ya mutu bai san wanda ya aiko ba.

Bayan kamar mako biyu kuɗin ya ƙare, ga kuɗin ɗaki ya zo ran Asabar. Da la'asar likita ya tuna da albashin da kansa, amma ya riga ya aika da dukan kuɗinsa banki. Hudson ya yi shiru, ya kai kukansa ga Allah. Wajen ƙarfe goma na dare, yana shirin tafiya gida, sai wani attajiri ya zo biyan bashin magani a wannan sa'a da ba a saba ba. Likita ya ba shi daga ciki.

Landan

A 1852 ya tafi Landan domin ya ƙara koyon aikin likita a babban asibiti. Wata ƙungiya mai aika masu bishara zuwa Sin ta biya masa kuɗin karatu. Ubansa da ƙungiyar duka sun ce za su ɗauki nauyin cinsa, amma ya gode wa kowannensu bai karɓa ba. Ya kan sayi burodi guda ya sa a raba biyu, rabi na dare, rabi na safe, da rana kuwa sai 'yan tuffa. Kowace rana yana tafiyar wajen mil huɗu zuwa asibiti, mil huɗu komowa.

Wani dare yana ɗinka littafin rubutu allura ta soke shi a yatsa. Kashegari dafi ya shiga ta wurin, a ɗakin da 'yan makaranta su ke feɗe gawa domin koyo. Malaminsu ya umurce shi ya yi maza ya koma gida ya kintsa al'amuransa, gama ba ya tsammani zai tashi. Hudson ya shaida masa ba ya tsoron mutuwa, amma yana ganin akwai aikin da ke jiransa a Sin. Ya yi makonni a kwance, Allah kuwa ya tashe shi.

Tafiya

Ran 19 ga watan Satumba, 1853, ya shiga jirgin ruwa mai suna Dumfries a Liverpool, yana da shekara 21, bai ma gama karatun likita ba. Uwarsa ta rako shi. Sa'ad da jirgi ya rabu da gaɓa ta yi wani kuka wanda bai taɓa mantawa ba. Ya shaida daga baya ran nan ne ya fara gane abin da Allah ya yi da ya ba da Ɗansa.

Ba su yi nisa ba hadiri ya kusa farfasa jirgin. Uwarsa ta ba shi wata ɗamara mai hana mutum nutsewa, shi kuwa ya bayar da ita, yana tsammani riƙe ta rashin bangaskiya ne. Da ya ƙara girma cikin Ubangiji ya gane ba haka ba ne. Mai dogara ga Allah ba ya ƙin magani, ko abinci, ko wata hanyar da Allah ya tanada. Abin da aka hana shi ne sa zuciya a kansu.

Ya sauka Shanghai ran 1 ga watan Maris, 1854, bayan wata biyar da rabi a teku. Ya tarar ana yaƙi a birnin, ba wanda ya zo taryensa, ba kuɗin da aka aiko masa. Cikin mutanen da aka ba shi wasiƙa zuwa gare su, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bar ƙasar. Masu bishara na wata mishan ne suka ba shi masauki. Kaɗaici, da sanyi, da rashin kuɗi, duk ya riga ya san su tun a Hull.

Amfanin shirin

A 1855 ya sa tufafin mutanen Sin, ya aske kansa ya bar tukku mai tsawo kamar nasu, ko da ya ke Turawa 'yan'uwansa sun yi masa dariya. A 1857 ya rabu da ƙungiyar da ta aiko shi domin tana cin bashi. A 1858 ya auri Maria Dyer, wadda zuciyarta ɗaya ce da tasa cikin aikin. A 1865, yana Ingila, ya kafa China Inland Mission da fam 10 a banki, yana roƙon Allah ma'aikata 24. Ka'idarsu ita ce ba cin bashi, ba roƙon kuɗi a wurin mutane. Abin da ya koya da sule biyu da sisi, shi ne ya zama tafarkin mishan ɗungum. Waɗansu mishan da aka kafa daga baya sun bi irin wannan tafarki, har da Sudan Interior Mission, wadda mutanenta na fari suka sauka Ikko a 1893. Ya kuma kafa gidajen koyon harshe domin sababbin zuwa, kada kowa ya shiga aiki ba shiri.

Shirin bai kāre shi daga baƙin ciki ba. 'Yarsa Gracie ta rasu a 1867, matarsa Maria a 1870. A tarzomar 1900 aka kashe ma'aikatan mishan ɗin 58 da 'ya'yansu 21, mishan ɗin kuwa ta ƙi karɓar diyya. Amma bai ja da baya ba, gama ya san wanda ya gaskata tun yana saurayi. Ya rasu a Changsha ran 3 ga watan Yuni, 1905, yana da shekara 73, aka binne shi kusa da Maria. A lokacin ma'aikatan mishan ɗin sun fi 800.

Ya mai karatu, ko kana jin Ubangiji yana kiranka zuwa wata ƙasa mai nisa? Ba a ce ka hana wa kanka abinci kamar Hudson Taylor ba. Amma ka tambayi kanka tun yau. Kana shaida a garinku? Ka fara koyon harshen mutanen, da wata sana'a da za ta amfane su? Akwai bashi a kanka? Wadda za ka aura, ko wadda ka aura, ta yarda da kiran? Ka taɓa kai wata bukata ga Allah kaɗai, ka jira har ka ga amsa? Ku kuma dattawan ekklesiya, kafin ku ɗibiya wa mutum hannu ku aike shi, ku duba zamansa a gida, ku taimake shi shiri, ku riƙe shi cikin addu'a har ya komo.