Lucy Wills da Rashin Jinin Masu Juna Biyu

An haifi Lucy Wills a shekarar 1888 kusa da birnin Birmingham na ƙasar Ingila. Ilmin tsirrai da na duwatsu ta fara karantawa a Kambirij, daga baya ta koma koyon aikin likita, ta gama a 1920.

A shekarar 1928 ta tafi Bombai ta ƙasar Indiya, inda wani irin rashin jini yake ta hallaka mata masu juna biyu, musamman matalauta ma'aikatan masaƙa. Jajayen ƙwayoyin jininsu sukan yi girma fiye da kima, amma kuma su yi ƙaranci. Da fari ƙwayar cuta ta nema, ba ta samu ba, sai ta mai da hankali ga abin da matan nan suke ci. Ta ciyar da ɓeraye irin abincinsu, su ma suka kamu. Da ta haɗa musu da yis, sai cutar ta kau. Wannan ya sa ta gwada wa majinyata Marmite, wani abin shafa wa burodi mai araha da ake yi da yis, jini kuwa ya dawo. Ta bayyana sakamakon a 1931.

Ita dai ba ta kai ga ware sinadarin da ya yi wannan aiki ba, amma da sunanta masana suka riƙa kiransa. A 1941 aka tace folik asid daga ganyen alayyafo a Amurka, daga bisani aka gane shi ne. Shi ake bai wa masu ciki a wajen awo har yau. Ta rasu a 1964.