Ibnun Nafis: Likitan da ya gano hanyar jini daga zuciya zuwa huhu

Mai karatu, wataƙila ka taɓa kai mara lafiya asibiti saboda haki da tari, likita ya duba shi ya ce matsalar daga zuciya take, ka koma gida kana mamaki. Mu ma muna shan wannan tambaya daga mutanenmu na Paki, Ikara, Makarfi da Kudan. Mutum numfashi ne ya gagare shi, me ya kawo zancen zuciya? Amsar tana cikin wata hanya da jini yake bi tsakanin zuciya da huhu. Wanda ya fara bayyana wannan hanya a rubuce wani likita ne Musulmi, kuma malamin fiƙihu, da ya rasu a Alƙahira sama da shekara 700 da suka wuce. Sunansa Ibnun Nafis. Tarihinsa zan ba ka yau, domin wanda ya fahimci abin da wannan bawan Allah ya gano zai iya gane ciwon zuciya tun bai ci ƙarfin mai shi ba.

Asalinsa da karatunsa

Cikakken sunansa Ala'uddin Ali ɗan Abil Hazm al-Ƙarshi. An haife shi a ƙasar Sham, a yankin Dimashƙa, wajen shekara ta 1213 miladiyya. Ya karanci hadisi, nahawu, manɗiƙi da fiƙihu a mazhabar Imam Shafi'i, sannan ya shiga karatun likitanci a babban asibitin Dimashƙa, wanda Sarki Nuruddin Zanki ya gina a 1154. Ginin yana nan tsaye har yau, an mai da shi gidan tarihin likitanci. A wannan asibiti ɗalibai sukan bi malaminsu zagayen majinyata, in an gama a zauna a buɗe littafi, kamar dai yadda ake koyar da likitoci a Shika a yau. Babban malaminsa shi ne Muhazzabuddin Dakhwar, jagoran likitocin Sham da Masar a zamaninsa, wanda ya rasu a 1230.

Wajen 1236 Ibnun Nafis ya yi ƙaura zuwa Alƙahira, inda ya ƙare rayuwarsa. Ya yi aiki a asibitin Nasiri da Salahuddin al-Ayyubi ya kafa, ya ɗaukaka har ya zama shugaban likitocin Masar, kuma likitan Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277. Duk da haka bai bar karantar da fiƙihu ba, yana da darasi a makarantar Masruriyya. Zamani ne na tashin hankali. A 1258 rundunar Mongol ta rusa Bagadaza, malamai suka yi ta gudowa Masar, sai a 1260 aka taka wa rundunar burki a Ain Jalut.

Abin da ya tarar a littattafai

Likitocin wancan lokaci suna da manyan dattawa biyu da ba a cika yi wa musu ba. Na farko Jalinus, likitan Girka da ya rayu a daular Rum a ƙarni na biyu miladiyya. Na biyu Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, mai littafin al-Ƙanun fid-Ɗibb.

Jalinus ya san cewa akwai katanga ta tsoka da ta raba zuciya gida biyu, dama da hagu. Ya kuma ga jinin ɓangaren dama duhu ne, na hagu ja ne jawur. To ta ina jinin yake tsallakawa? Sai ya ce katangar tana da ƙananan huji da ido ba ya gani, jini yana tsiyaya ta cikinsu daga dama zuwa hagu. Ibnu Sina ya karɓi wannan, ya kuma bi ra'ayin cewa manyan ɗakunan zuciya uku ne. Kusan shekara 1,000 ana karantar da zancen huji, ɗalibi ya haddace, ya zama malami, shi ma ya karantar.

Abin da ya gano

A 1242, bai kai shekara 30 da haihuwa ba, Ibnun Nafis ya rubuta sharhi a kan sassan al-Ƙanun da suka yi magana kan ƙirar jikin ɗan Adam. Sunan littafin Sharhu Tashrihil Ƙanun. Da ya zo kan zuciya sai ya saɓa wa dattawan nan biyu ɓaro-ɓaro, kuma ya maimaita matsayinsa a wurare da dama cikin littafin.

Ya ce katangar tsakiya mai kauri ce, ba ta da huji, na gani ko na ɓoye. Ya ce manyan ɗakunan zuciya biyu ne, ba uku ba. Tunda babu ƙofa a katangar, dole jinin ɓangaren dama ya fita ta wata babbar jijiya zuwa huhu, ya bazu a cikinsa, ya cuɗanya da iska, sannan ya dawo ta wata jijiyar zuwa ɓangaren hagu. Ya ƙara da cewa lallai akwai ƙananan mashigai a cikin huhu da suka haɗa jijiyar da ta kai jini da wadda ta dawo da shi. Ba a ga waɗannan mashigai da ido ba sai a 1661, lokacin da Marcello Malpighi na Italiya ya duba huhun kwaɗo da madubin ƙara girma. Ya kuma gyara wani kuskure. An ɗauka zuciya tana cin abincinta daga jinin da ke cikin ɗakinta na dama, shi kuwa ya ce tana da jijiyoyinta na kanta da suka ratsa namanta, su ke ciyar da ita.

A gabatarwar littafin ya bayyana cewa shari'a da tausayi sun hana shi feɗe gawar mutum, don haka a siffar kayan ciki ya dogara da magabata. Amma inda maganarsu ta ci karo da hujja, sai ya bi hujja. Bai gano komai da komai ba. Ya tafi a kan fahimtar zamaninsa cewa hanta ce take haɗa jini, kuma bai bayyana yadda jini ke zaga sauran jiki ya dawo zuciya ba. Abin da ya faɗa game da huhu kuwa, shi muke karantarwa har gobe.

Halayensa da rasuwarsa

Masu tarihi sun siffanta shi da dogo, siriri, mai karamci, wanda ƙofarsa ba ta rufuwa ga mai neman magani ko ilimi. Bai yi aure ba. Gidansa majalisa ce ta likitoci da malamai da sarakuna. An ruwaito cewa idan zai yi rubutu a kan feƙe masa alƙaluma da yawa a ajiye, ya juya fuskarsa ga bango ya yi ta zuba daga ka, in alƙalami ya dakushe ya yar ya ɗauki wani. An kuma ruwaito cewa wata rana yana tsakar wanka a gidan wanka ya fito ya nemi takarda da tawada, ya rubuta maƙala a kan bugun jijiya, sannan ya koma ya ƙarasa wankansa.

Ya ƙudurta rubuta kundin likitanci mai suna ash-Shamil cikin juzu'i 300, ya kammala 80. Yana da littafi a kan cututtukan ido, da wani a kan ilimin hadisi, da ar-Risalatul Kamiliyya a kan sirar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Taƙaitaccen littafin likitanci da aka san shi da shi, al-Mujaz, ya shafe ɗaruruwan shekaru a hannun ɗalibai har ƙasar Indiya.

A 1284 Sarki Ƙalawun ya fara gina sabon babban asibiti a Alƙahira, wato Mansuri. Ibnun Nafis ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga wannan asibiti. Da ciwon ajali ya kama shi, wasu abokansa likitoci suka ba shi shawarar ya kurɓi giya a matsayin magani. Ya ƙi, don ba ya son ya gamu da Ubangijinsa da giya a cikinsa. Ya rasu a watan Disamba na 1288, daidai da Zulƙida ta 687 bayan Hijira.

Bayan rasuwarsa

Likitoci suka riƙe al-Mujaz, bayaninsa a kan huhu kuma bai yaɗu kamarsa ba. A Turai, Michael Servetus ɗan Sifen ya bayyana wannan hanya a 1553, Realdo Colombo na Italiya ya biyo baya a 1559. A 1628 William Harvey na Ingila ya cike sauran, ya nuna cewa jini ɗaya ne yake zagaye jiki yana dawowa. Sai a 1924 wani likita ɗan Masar mai karatu a Jamus, Muhyiddin at-Tatawi, ya ci karo da kwafin sharhin Ibnun Nafis a ɗakin karatu na birnin Balin, ya rubuta kundin digirinsa a kai. Daga nan duniyar likitanci ta san cewa an riga Turawa da shekara 300.

Me wannan ya shafe ka da shi?

Zuciyarka girmanta kamar dunƙulen hannunka, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in kana hutawa, kimanin sau 100,000 a yini da dare. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne, kuma kusan duk minti ɗaya sai ya zaga jiki gaba ɗaya. Ɗakunanta huɗu ne, ƙanana biyu a sama masu karɓa, manya biyu a ƙasa masu turawa, kowace mafita da ƙyaurenta da ke hana jini komawa baya.

Ka ƙaddara injin ban ruwa biyu ne a jere, da fadama a tsakaninsu. Na farko, ɓangaren dama, yana zuba ruwa a fadamar. Na biyu, ɓangaren hagu, yana kwashewa ya tura gona. Fadamar ita ce huhu, inda jini ke ɗaukar iskar oksijin. Tunda babu wata hanya ta gefe, in injin na biyu ya gaji na farko yana ta zubawa, fadama za ta cika. Haka ruwa ke taruwa a huhun mai gazawar zuciya. Sai ka ga yana haki daga ɗan tafiya, ba ya iya kwanciya rigingine sai ya tara matashi, yana farkawa cikin dare numfashi ya sarƙe, yana tari, wani lokaci da kumfa. In ɓangaren dama ma ya gaji, ruwan sai ya koma baya cikin jiki: ƙafafu su kumbura, ciki ya kumbura, jijiyoyin wuya su taso.

Babban abin da ke gajiyar da ɓangaren hagu a ƙasarmu shi ne hawan jini, wanda sau da yawa ba ya nuna alama. In awo ya kai 140/90 ko ya wuce a lokuta daban-daban, yana bukatar kulawar likita. Ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a yara, in ba a magance ƙwayar cutar ba, yana iya cin ƙyamaren zuciya bayan shekaru. Akan haifi wasu jarirai da huji a katangar nan ta tsakiya, sai ka ga jariri yana gajiya da gumi wajen shan nono, ba ya girma. Tsohon tarin fuka da hayaƙin itace ko na taba suna lalata huhu, su ɗora wa ɓangaren dama nauyi. Jijiyoyin nan da ke ciyar da zuciya kuwa, in ɗaya ta toshe, shi ne ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an aza masa dutse, da gumi. Wannan na gaggawa ne.

Akwai kuma wanda ya fi shafar gidajenmu, wato gazawar zuciyar masu jego. Yankin Zariya yana cikin wuraren da aka fi samunta a duniya. A 1978 likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka wallafa bincike a kan mata 224 da suka kamu da ita, suka danganta yawanta da kunun kanwa, wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon wuta. Kanwa tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke riƙe ruwa a jiki. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna cewa hawan jinin mai ciki, rama da ƙarancin wasu sinadarai a abinci su ma suna da hannu. Matsalar ita ce, a gida akan ɗauki hakin mai jego a matsayin gajiyar haihuwa ko sanyi, a ƙara mata kanwa, a ƙara zafin ruwa, zuciyar da ta gaji a ƙara mata kaya.

Don haka, maigida, uwar miji, ungozoma, in mai ciki a watan ƙarshe ko mai jego cikin watanni biyar na farko ta fara haki, ta kasa kwanciya sai a zaune, ko ƙafafunta suka kumbura, kada a jira suna ko arba'in. A dakatar da kanwa, a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, a kai ta asibiti mafi kusa a ranar. In an tura ku Shika don hoton zuciya, ku je. Da yawa daga cikin waɗannan mata zuciyarsu tana farfaɗowa in an fara magani da wuri kuma an ɗore a kansa. Wadda ta taɓa yi kuma, ta ga likita kafin ta sake ɗaukar ciki.

Ibnun Nafis ya girmama malaman da suka gabace shi, ya yi shekaru yana sharhin littattafansu, amma girmamawar ba ta hana shi gyara inda suka yi kuskure ba. Mu ma za mu iya girmama iyayenmu da al'adar jego, mu ajiye abin da aka tabbatar yana cutarwa. Kai kuma da ka karanta, in ka jima ba a auna jininka ba, ka tsaya a asibitin garinku cikin makon nan a auna. Allah ya jiƙan Ibnun Nafis, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.