Muhammadu Alwali: Sarkin Kano na ƙarshe kafin jihadi, wanda ya kwanta dama a Burumburum

A kudancin Jihar Kano, kusa da Rano da Kibiya, akwai wani tsohon gari mai suna Burumburum. A nan ne mulkin zuriyar Bagauda, wanda ya shafe sama da shekara 800, ya zo ƙarshe a 1807, lokacin da aka kashe Sarkin Kano Muhammadu Alwali.

Alwali ɗan Sarki Yaji na biyu ne, daga gidan Kutumbawa. Ya gaji ɗan'uwansa Dauda Abasama a 1781, shi ne sarki na 43 a jerin sarakunan Kano.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa da hawansa ya shiga tara hatsi don gudun yaƙi da yunwa, amma duk da haka sai da yunwar ta riske shi.

A wannan hali ne manyan fada suka nemi ya yanka wa Dirki shanu, wato wani abu da aka naɗe da fatu, wanda masarautar ta daɗe tana girmamawa. Alwali ya ƙi, ya sa aka fasa shi da gatura, sai ga Alƙur'ani a ciki. Jama'a suka ɗauki wannan a matsayin alamar cewa shi ma za a fitar da shi daga Kano.

Bayan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, almajiransa na ƙasar Kano, irin su Malam Bakatsine da Malam Jamo da Dabon Dambazau, suka haɗa rundunarsu. Sarkin da ya fasa Dirki bai samu amincewar malaman ba, ga kuma fadawa da ya riga ya ɓata wa rai.

A yaƙin Ɗanyaya, Katsina da Daura sun kawo masa ɗauki, amma aka karya rundunarsa. Ya bar birni ya nufi Zariya neman mafaka, bai samu yadda yake so ba, sai ya dawo ƙasar Rano ya kafa sansani a Burumburum.

Mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Bakatsine suka bi shi har can, suka ci garin, aka kashe shi. Malam Sulaimanu ya zama sarkin Kano na farko a ƙarƙashin Daular Sakkwato.